Shaidar da Na Bayar a Kan Kafinta

Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse a sama, daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai ɗin da ke ciki duk suka halaka. Washegari wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Emory ta birnin Atlanta, Ulric Neisser, ya raba wa ɗalibai 106 takarda, ya ce kowa ya rubuta yadda labarin ya riske shi: yana ina, me yake yi, da wa yake tare, daga bakin wa ya ji. Ya tattara takardun ya adana. Bayan shekara biyu da rabi, shi da abokiyar aikinsa Nicole Harsch suka nemo 44 daga cikin ɗaliban, suka sake yi musu tambayoyin nan. Mutum 11 ba su dace da rubutunsu na farko ba ko da a abu guda. Wata da ta rubuta cewa a cikin aji ta ji ana maganar, yanzu ta ce a ɗakin kwananta take tare da ƙawarta, suna kallon talabijin, labarin ya shigo. Kuma ba cikin kame-kame suke amsawa ba, yawancinsu sun ce suna da tabbaci ƙwarai. Da aka miƙa musu takardunsu na asali sun gane rubutun hannunsu, amma tsohon abin bai dawo musu ba. Sabon labarin ya riga ya zauna daram.

Na karanta wannan bincike a makare. Da na san shi da wuri, da wani dattijo kafinta a unguwarmu bai sayar da injin yankan katakonsa ba.

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai buɗaɗɗen hannu, irin wanda ba a kai masa kuka a dawo hannu rabbana. Yakan ba da rance a zaurensa ba tare da kiran shaida ba, don a ganinsa kiran shaida kunyata mai nema ne. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa suka shiga tattara basussukan da ke hannun mutane kafin a raba gado. Cikin waɗanda aka lissafa har da kafintan. Bai musa cin bashin ba. Ya ce ya karɓa lokacin da zai sayi injin, amma ya biya duka tun marigayi yana da rai, kuma daga shi sai marigayin sai Allah. Babban ɗan kawu, wanda nake kira Yaya, shi kuwa ya taɓa jin mahaifinsa yana cewa akwai wani mai sana'ar hannu da ya kawo rabi ya bar rabi. A ransa ya riga ya yanke cewa kafintan ne. Wata rana da yamma ya tare ni ya ce, "Ƙanina, ai kana zauren ranar da kafinta ya kawo rabin kuɗin nan, ko?"

Na yi jim, sai abin ya zo mini. Na ga zauren, na ga tabarmar, na ga kawu yana lasar yatsa yana ƙirga kuɗi kamar yadda ya saba. Na ji muryar mutum yana cewa sauran sai bayan Babbar Salla, kawu yana amsawa da babu komai. Na kuma ga kafintan a durƙushe kusa da ƙofa, da hularsa mai ƙurar katako. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Yaya, ina nan."

Aka zauna gaban mai unguwa da liman. Maganata ta yi nauyi, domin ni ɗan ƙanwar marigayi ne, ba ni da ko kwabo a gadon, sannan malamin makaranta ne ni, ba a san ni da ƙarya ba. Liman ya dube ni ya ce, "Malam, ka tabbata? Haƙƙin mutum ne fa." Na ce, "Allah gafarta malam, wallahi kamar yanzu nake gani." Kafintan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ka sake tunani." Na ce, "Baba, babu abin da zan sake." Ya ce to, Allah ya gani. Ya sayar da injin, ya biya kuɗin da ba a bin sa, ya koma aiki da zarto a shekarun da ƙarfinsa ya fara ja baya.

Gaskiya ta fito ne daga cikin wata tsohuwar adaka. Damina ta kankama, ɗakin kawu ya fara yoyo, Inna, uwargidansa, ta sa a kwashe kayan ciki. A ƙasan adakar aka sami ɗan littafi da rubutun ajami, wanda ko 'ya'yansa ba su san da shi ba. Ashe mutumin da ba ya kiran shaida yana rubutawa a ɓoye. Sunan kafinta na nan, da adadin kuɗin, an ja layi a kai, a gefe an rubuta ya biya duka. Wanda ya kawo rabi ya bar rabi wani tela ne da ya tashi daga unguwar. Da aka aika masa ko gardama bai yi ba. Ya ce haka ne, shi ma abin yana damunsa, hali ne bai samu ba.

Abin da na fara yi da na ga littafin shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau: na ce wataƙila kawu ne ya yi kuskure wajen rubutu. Rubutun mai kuɗin yana gabana, tela ya amsa da bakinsa, amma hoton da ke kaina ya fi mini duk waɗannan ƙarfi. Sai da na kwana na tashi ina juya maganar kafin na yarda cewa ni ne na zalunci bawan Allah. Ban yi ƙarya ba a zaman nan, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Maƙaryaci ya san abin da ya aikata, yana iya tuba ko da a asirce. Ni kuwa da adakar nan ba ta jiƙe ba, da na shiga kabari da haƙƙin mutum a wuyana ina ganin taimakon marayu na yi.

Wannan ne ya tura ni neman sanin yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaukar abu da yadda take ajiye shi. Ina cikin masu ɗaukar cewa ido kyamara ne, kai kuma ma'ajiyar faifai, in an so sai a kunna a kalla. Ba ni kaɗai ba ne: a wani jin ra'ayi da aka wallafa a 2011, kashi 63 cikin ɗari na Amurkawan da aka tambaya haka suka yi imani. Masu binciken fannin kuwa sun daɗe da barin wannan fahimta.

Kuskurena ya faro tun ranar da abin ya faru. Ina zauren, wannan gaskiya ne, amma takardun jarrabawar ɗalibai nake dubawa, kaina a sunkuye. Abin da ke shiga ido da kunne a kowane lokaci yana da yawan gaske, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta kamawa sai abin da hankali ya tsaya a kai, kuma abin da hankali ke iya riƙewa a tashi ɗaya ɗan kaɗan ne. George Miller ya ƙiyasta abu bakwai a 1956, waɗanda suka biyo bayansa suka ce ya fi kusa da huɗu. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon matasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka sai wata sanye da kayan goggon biri ta ratsa tsakiyar wasan ta wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba sam, alhali idonsu na kan allon. To ni ma hankalina yana kan jan biro. Abin da ya shiga kaina shi ne murya, da ƙirgan kuɗi, da zancen Babbar Salla, da inuwar mutum a durƙushe ya ba hasken ƙofa baya. Fuska ba ta shiga ba. Gurbinta ya zauna babu komai, ban kuma sani ba, domin ƙwaƙwalwa ba ta sa alama a inda ta bar giɓi.

Ko ɗan abin da ya shiga ma ba a wuri guda ake ajiye shi ba. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta, kuma ajiyar abu a kai sauyi ne a ƙarfin waɗannan mahaɗai. Eric Kandel, wanda ya sami kyautar Nobel a 2000, ya shafe shekaru yana nazarin wani dodon koɗi na teku mai manyan ƙwayoyin jijiya. Ya nuna cewa riƙon ɗan lokaci ƙarfafa mahaɗan da ke nan ne kawai, amma riƙo mai ɗorewa sai ƙwayar ta ƙera sabon furotin, har ta tsirar da sababbin mahaɗai. Sauti yana zama a sashen ji, siffa a sashen gani, tsoro ko murna suna da nasu hanyoyin. Abin da ke ɗaure su wuri guda su zama labarin rana ɗaya shi ne wani ɗan sashe can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da ake kira hifokamfus.

An gane aikin wannan sashe ta hanya mai ban tausayi. A 1953 wani likita a birnin Hartford, William Scoville, ya cire wa wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison mafi yawansa ta ɓangarorin biyu, don ya rage masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga nan har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon abin da ya faru da shi ba. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira lafiya lau, amma in ka fita ka dawo bayan 'yan mintoci sai ka sake gaya masa ko kai wane ne. Wata mai bincike, Brenda Milner, ta sa shi bin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannun yana ƙara ƙwarewa, shi kuwa kullum a ganinsa yau ya fara.

Tunda a warwatse ake ajiyewa, to duk sanda mutum ya tuna abu ƙwaƙwalwa tana tattaro gutsattsarin ne ta harhaɗa su a nan take, inda ta tarar da giɓi kuma sai ta cike da abin da ya fi dacewa. Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna haka tun 1932, lokacin da ya ba 'yan Ingila wata tatsuniyar mutanen asalin Amurka ta Arewa su karanta, su maimaita bayan wani lokaci. Kowane maimaici sai ya gajarce, abubuwan da ba su saba da su ba suna zubewa, ko su rikiɗe su koma irin na ƙasarsu. Wa ya fi dacewa da giɓin da ke zauren kawu? Kafintan mana. Yana yawan zuwa gaisuwa, a nan kusa da ƙofa yake durƙusawa, hular nan na gan ta ba adadi. Hoton gaskiya ne, daga wasu ranakun aka aro shi aka liƙa a ranar da ba tasa ba. Irin haka ya taɓa faɗa wa Donald Thomson, masanin halayyar ɗan Adam a Ostireliya. 'Yan sanda suka kama shi saboda wata mata da aka ci wa zarafi a gidanta ta siffanta shi daidai. Abin da ya cece shi, a daidai lokacin yana cikin shirin talabijin na kai tsaye. Shirin matar take kallo kafin a faɗo mata, sai fuskar da ke kan allo ta maye gurbin fuskar mai laifin.

Amma ƙwaƙwalwata ba da kanta ta zaɓo kafintan ba, miƙa mata shi aka yi a cikin tambaya. Yaya bai ce, "Ka tuna wani da ya kawo wa Baba rabin kuɗi?" ba. Ya kawo sunan, ya kawo rabin, ya kawo ni cikin zauren, abin da ya rage mini kawai in ce i. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya gudun da motocin ke yi lokacin da suka ragargaji juna sun ce ya haura mil 40 a sa'a. Waɗanda aka ce musu lokacin da suka bugi juna sun ce wajen mil 34. A gwaji na biyu da aka yi da wasu ɗalibai, aka dawo da su bayan mako guda, aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin. Amma 16 cikin 50 na waɗanda suka ji ragargaza sun ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7 cikin 50. Tambayar ta shige cikin ajiyar, ta zama wani ɓangare na abin da suka gani. A 1995 Loftus ta je gaba da haka. Da taimakon dangi, aka ba mutane labarai na ƙuruciyarsu, uku na gaskiya, ɗaya na ƙirƙira, wai sun taɓa ɓata a wata babbar kasuwa suna yara. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu suka fara tuna ɓatan da bai faru ba, wasu har da ƙarin bayani daga kansu.

Ba na ɗora wa Yaya laifi. Shi ma da zuciya ɗaya ya yi tambayar, yana neman haƙƙin ƙannensa, ga raɗaɗin rashin uba. Haka muke yi wa juna tambaya kullum, a gida da kasuwa da ofishin 'yan sanda: "Ba shi ne ka gani ba?" Muna zaton zaro abin da ke kan mutum muke yi, alhali zuba masa muke yi.

Sai kuma abin da na yi da kaina tsakanin tambayar Yaya da zaman gaban liman. Na ba matata labarin. Na ba abokai a majalisa. Na maimaita wa Yaya, na yi ta bitarsa a raina daren da za a zauna, don kada in yi tuntuɓe a gaban manya. A zatona ƙarfafa gaskiya nake yi. A shekarar 2000 Karim Nader da Joseph LeDoux da abokin aikinsu a Jami'ar New York suka koya wa ɓeraye tsoron wani sauti, suka bari tsoron ya zauna. Daga baya suka sake kunna sautin don ɓeran ya tuna, nan take suka sa masa maganin da ke hana ƙera furotin a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro. Da aka gwada daga baya, tsoron ya gushe. Ɓerayen da aka sa wa maganin ba tare da an tuna musu ba kuwa tsoronsu na nan. Ma'ana, abin da aka ajiye yana yin laushi idan aka ɗauko shi, sai an sake gina shi kafin ya koma ma'ajiya, kuma a wannan tsakani yana iya karɓar sabon abu. Masana suna ci gaba da muhawara kan iyakar wannan a jikin ɗan Adam, amma ni ya fassara mini abin da ya same ni. Kamar katangar laka ce da ake yi wa yaɓe kowace shekara: tana nan a wurinta, kowa yana kiranta katangar kaka, amma fuskar da kake gani ta bana ce. Kowane ba da labari sabon yaɓe ne. Yau ko hular nan ba zan iya rantsewa cewa tun a karon farko ta zo ba.

Abin da ya fi komai gaskiya a duk shaidata shi ne ɗan jim ɗin da na yi kafin in amsa wa Yaya. Wannan shiru shi ne ƙwaƙwalwata tana lalube ba ta samu ba. Masu binciken shaidar gani da ido sun nuna cewa tabbacin da mutum ya nuna a tambayar farko, in an yi ta ba tare da jan ra'ayi ba, yana da ƙima. Tabbacin da yake nunawa a gaban alƙali bayan an sha maimaitawa kuwa ba ya nuna komai sai yawan maimaicin. Shari'ar Ronald Cotton a jihar Karolina ta Arewa ta zama abin koyarwa a kan haka. A 1984 wani ya shiga gidan wata ɗaliba, Jennifer Thompson, ya yi mata fyaɗe. Ta daure ta riƙa nazarin fuskarsa da niyyar ta gane shi daga baya. Da aka jera mata hotuna ta daɗe tana dubawa kafin ta nuna Cotton, amma zuwa ranar shari'a ba ta da ko ɗigon shakka. A sake shari'ar da aka yi a 1987 aka kawo mata ainihin mai laifin, Bobby Poole, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Cotton ya yi sama da shekara goma a kurkuku kafin gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 1995. Ƙungiyar Innocence Project ta lissafa cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗanda irin wannan gwaji ya wanke a Amurka, kuskuren shaidar gani da ido yana cikin abin da ya kai su kurkuku. Matar nan ta kalli fuskar da gangan, ta kuma ɓata. Ni ko ɗaga kai ban yi ba, na rantse.

Abin takaici, ba sai na je Amurka zan koyi wannan ba. Malaman hadisi sun rarrabe shi tun ƙarnonin farko na Musulunci. Ba su wadatu da cewa mai ruwaya adili ne, mai tsoron Allah, ba ya ƙarya. Sun sa sharaɗi na biyu mai zaman kansa, wato kiyayewa: shin yana riƙe abin da ya ji daidai, ko a ƙirji ko a rubuce? Akwai bayin Allah na gari da aka raunana ruwayarsu saboda raunin riƙo, ba tare da an taɓa mutuncinsu ba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Lahi'a, alƙalin Masar a ƙarni na biyu na Hijira, littattafansa sun ƙone, shi ya sa malamai da yawa suke bambanta abin da aka ji daga gare shi kafin gobarar da abin da aka ji bayanta. Na zauna a gaban malamai na ji wannan darasi, na ɗauke shi zancen mutanen da. Ashe kuskurena ke nan dungurungum: na haɗe sharuɗɗan biyu suka zama ɗaya. Na ɗauka tunda ba na ƙarya, to duk abin da na tuna gaskiya ne. Mai unguwa da liman ma halina suka auna, babu wanda ya tambaye ni me nake yi a zauren, ina na fuskanta, wa ya fara ambatar sunan kafinta.

Wani zai ce, to mahaddata fa? Ga yaro ya riƙe izu sittin ba tuntuɓe, ta yaya za a ce ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce? Na yi wa kaina wannan tambaya. Mahaddaci yana maimaitawa, ni ma na maimaita, amma shi yana da abin da yake komawa. Allo na nan, Alƙur'ani na nan, malam yana zaune zai tsayar da shi a kan wasali ɗaya. Kowace tilawa tana dawo da shi kan asali, shi ya sa maimaicinsa ke ƙara masa daidaito. Abin da ya faru sau ɗaya a zaure ba shi da allo. In ka maimaita shi, abin da ka faɗa jiya kake maimaitawa, babu mai gyara maka, kuskure da daidai suna ƙara ƙarfi tare. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, ta zo a kan rubuta bashi da kafa shaidu, har ta ambaci yiwuwar mantuwa. Kawu ya yi rabin umarnin, ya rubuta, sai dai ya ɓoye saboda kawaici. Da ya ba kafintan 'yar takarda ranar da ya biya, da rantsuwata ba ta sami wurin shiga ba.

Tun daga nan na sauya wasu halaye. In an kira ni shaidar ciniki ko rance, a ranar nake rubutawa, in karanta wa ɓangarorin biyu su ji, kowa ya riƙe nasa. In an tambaye ni abin da ya wuce, nakan raba maganata: ga abin da idona ya gani, ga abin da kunnena ya ji, ga abin da nake zato, ga kuma abin da aka faɗa mini daga baya. Sau da yawa kashin farko ne mafi ƙanƙanta. A makaranta, in yara suka yi faɗa, na daina tambayar "Shi ya fara dukanka, ko?" Nakan raba su, in ce kowa ya faɗa mini abin da ya faru, in yi shiru har ya gama. Na kuma daina saurin kiran mutum maƙaryaci don labarinsa ya saɓa da nawa. Gidaje nawa ne zumunci ya yanke a cikinsu saboda wa da ƙani kowa ya rantse a kan abin da mahaifinsu ya ce game da gona, kuma kowannensu da gaske yake?

Muka je wurin kafintan ni da Yaya, muka same shi a rumfarsa. Na durƙusa na ce, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce ya yafe, amma in sani injin bai dame shi ba kamar kallon da ake yi masa a masallaci, da yadda jikokinsa suka ji ana kiran kakansu maciyin kuɗin marayu. Magada suka mayar masa da kuɗinsa. Sai dai farashi ya riga ya tashi, kuɗin ba su isa sayen irin injin da ya sayar ba, na ƙara abin da na iya, aka samo masa wani tsoho da bai kai na farkon ba. Na roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Magariba, ya kuma ambaci sunana a matsayin wanda ya yi kuskuren, ya yi. Amma masu ba shi aiki da suka janye ba duka suka dawo ba, kuma waɗanda suka ji zargin sun fi waɗanda suka ji sanarwar yawa.

Kwanan baya a wata majalisa na ji wani yana ba da labarin kafintan da ya so cinye kuɗin marayu. Na tsayar da shi na ce ba haka aka yi ba. Ya ce ai yana wurin lokacin da kafintan ya amsa laifinsa da bakinsa. Kafintan bai taɓa amsa laifi a gaban kowa ba. Ban ƙaryata mutumin ba, na roƙe shi ya raka ni gidan Yaya, aka fito da littafin aka karanta masa shafin. Yaya ya bar littafin a zaure saboda irin wannan rana, ni kuma duk inda na ji an ɗauko zancen ni nake fara cewa ni ne na ba da shaidar, kuma kafintan ya biya kuɗinsa tun kawu yana da rai.